Tsofaffin littattafan tafiye-tafiye a hannun 'yan gwanjo: wanne ne na saye, wanne ne na bari?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Wani mai sayar da littattafan gwanjo a Samaru ya nuna mini littafin tafiyar Bature Barth, juzu'i uku, na kuma ga 1857 a shafin farko. Ya ce kayan tarihi ne, ya tsuga masa kuɗi. Akwai wasu 'yan ƙananan littattafan Hausa na da, bugun Zariya, da wata tsohuwar taswira, ya ce in na sayi manyan zai haɗa mini da su kyauta. Yaya zan gane ko littafin nan na asali ne? Kuma yaya ake sanin darajar tsohon littafi, kada a cuce ni, ni ma kada in cuci wani?"

Wa alaikumus salam. Abu biyu kake nema, Malam: yadda ake tantance bugu, da yadda ake yi masa kima. Na farkon yana da ƙa'idoji da za ka iya bi da idonka da yatsunka a gaban mai kaya. Na biyun ya fi santsi, domin kuɗin littafi yana hannun mai nemansa, masu neman irin waɗannan kuwa a ƙasar nan ba su da yawa. Tun daga nan zan gaya maka abin da nake zato: mai yiwuwa abin da aka ce za a ba ka kyauta ya fi wanda aka sa wa kuɗi wuyar samu.

Barth mai juzu'i uku

Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Labarin tafiyarsa ya fito da Ingilishi a Landan, a kamfanin Longman, tsakanin 1857 da 1858, kuma juzu'i biyar ne, da hotuna masu launi 60 da taswirori 15. Saboda haka mai juzu'i uku ba shi ne wannan ba, sai fa in biyu ne suka ɓace, abin da za ka gane daga lambobin da ke gadon bayan littafin. In cikakke ne a juzu'i uku, to ɗayan biyu ne: ko bugun Harper na New York da aka fara fitarwa a 1857 ɗin, ko kuma wanda kamfanin Frank Cass ya sake bugawa a Landan a 1965, shekara ɗari da rasuwar Barth. Na Cass ɗin shi ya fi yawa a garuruwan jami'a irin namu, domin shi ɗakunan karatu da malaman tarihi suka yi ta saye a shekarun 1960 da 1970.

Abin da ke rikita mutane shi ne irin wannan sabon bugu hoton tsohon ake ɗauka shafi-shafi, don haka tsohuwar shekara tana iya bayyana a ciki. Ka juya bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin. A nan ake rubuta wanda ya sake bugawa da shekarar da ya yi. Sannan ka shafa rubutun da kan yatsa, ka karkata shafin ga haske. Bugun ƙarni na 19 da haruffan dalma aka danna shi, yakan bar ɗan lotsawa a jikin takarda, wani lokaci har a ji shi ta baya. Bugun hoto sumul yake, kuma bakin haruffansa yakan yi ɗan kauri. In ka ga lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ko ta ina, magana ta ƙare, domin sai wajen 1970 aka fara amfani da ita. Akwai kuma na baya-bayan nan da ake bugawa ɗai-ɗai daga hotunan intanet, masu farar takarda fat da bango mai sheƙi. Waɗannan kuɗin takarda da gam kawai suka ci.

Bugun 1965 littafi ne mai kyau ga mai karatu, ɗinkinsa da takardarsa sun fi na asali jure hannu. Ka saye shi a kuɗin littafin nazari mai inganci. Kada dai ka biya kuɗin kayan tarihi.

Haka za ka bi da sauran littattafan Turawan da suka ratsa ƙasar nan. Na tafiyar Clapperton ta biyu, wadda ya bi ta Zariya a 1826 kafin ya rasu a Sakkwato a 1827, ya fito a 1829. Na C. H. Robinson kan ƙasar Hausa ya fito a 1896. Na Paul Staudinger da Jamusanci ya fito a 1889, fassararsa ta Ingilishi kuwa sai 1990. Kundin bayanin lardin Zariya da E. J. Arnett ya haɗa ya fito a 1920, an kuma sake buga shi tare da na sauran lardunan Arewa a 1972. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma an sake buga shi a nan Zariya a 1993. Kusan kowanne yana da na asali da maimaici, kuma maimaicin ne ya fi yawo.

Waɗanda ake haɗawa kyauta

Zariya ce ta kasance cibiyar ɗab'in boko na Hausa. A nan Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Dokta R. M. East, a nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya zo a 1966. Littattafan da suka fito a wannan zango galibinsu sirara ne, bangon takarda, an ɗaure su da ƙarfen sitafula. An yi su ne don a karanta a aji da zaure har su mutu, haka kuwa aka yi. Littafin Barth yana kwance a manyan ɗakunan karatu na duniya, kuma kowa na iya karanta shi kyauta a intanet. Ɗan littafin yaƙi da jahilci mai shafi 24 da aka buga a 1955 kuwa, ana iya neman kwafinsa a rasa ko a wuraren da ake sa ran samu.

A ɓangaren tafiye-tafiye, Hausa tana da nata. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi da ya fito a 1944. Malam Aminu Kano yana da Motsi Ya Fi Zama. Ban da waɗannan, akwai jadawalin jirgin ƙasa, da littattafan bayanin ƙasa da gwamnati ke fitarwa don baƙi da ma'aikata, da taswirorin hanya da kamfanonin man fetur ke rabawa, da ƙananan jagororin aikin hajji. Irin kayan nan ba wanda yake adanawa, shi ya sa suka yi ƙaranci.

Sai dai a nan ma ka lura da bugu. Littafin da ya shiga manhajar makaranta, kamar Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, an sake buga shi sau da yawa ƙwarai. Kwafin NNPC na shekarun 1980, ko da ya yi ja ya tsufa, ba abin mamaki ba ne. Wanda ake nema shi ne na kafin NNPC, da ainihin bangonsa da zanensa.

In babu shekara a jiki

Da yawa daga bugun gida ba su da shekara, ko shafin ya yage. Akwai alamomin da za su taimake ka ka kusanci lokacin.

Fara da kuɗin da aka buga a bango. In ka ga 3d, ko 6d, ko 1/6, wato taro, sisi, sule da sisi, to kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta shigo. In an manna wata 'yar takarda mai naira a kan tsohon farashi, tsohon kaya ne da ya kwana a sito. Sai sunan maɗaba'a: NORLA ta ɗaure ka a cikin shekara biyar zuwa shida kacal, NNPC kuma ba ta wuce 1966 a baya. Sai rubutun kansa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna ne a ƙarshen shekarun 1930. Kafin nan ɗigo ake sawa a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa, a tsofaffin rubuce-rubucen Turawa ma za ka ga "chikin" a wurin "cikin". Wannan alama ba ta yanke hukunci ita kaɗai, domin ƙananan maɗaba'u da ba su da haruffan sun ci gaba da bugawa babu lanƙwasa har kwanan nan.

Taswira ta fi kowa faɗin shekarunta, musamman ta hanyar layin dogo. Jirgi ya isa Kano a 1911. In akwai ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya nufi Jos, to an zana ta ne tsakanin shekarun farko na 1910 da 1957, shekarar da aka rufe layin. Reshen Gusau zuwa Ƙaura Namoda na 1929 ne, na Nguru 1930, na Maiduguri kuwa 1964. Jihohi 12 na nufin 1967 zuwa 1976, jihohi 19 daga 1976. Jagoran matafiya da ya ce a Nijeriya hannun hagu ake tuƙi an rubuta shi kafin Afrilun 1972. Ka tuna dai mabuga sukan yi ta maimaita tsohuwar taswira, don haka sabon abu mafi kusa da ka gani a cikinta shi ne ma'auninka.

Littattafan Larabci da za ka tarar a cikin birni suna da nasu tarko. Shekarar hijira ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami ta miladiyya kusan daidai: 1350 ta faɗa 1931 zuwa 1932. Amma shekarar da ke ƙarshen littafi sau da yawa ta gama rubutu ce ko ta bugun farko na Alƙahira, alhali kwafin da ke hannunka hoto ne da aka ɗauka daga baya a Bairut ko Kano. Haka 'yan littattafan ajami na kasuwa: rubutun hannu ne aka ɗauki hotonsa aka buga. Rubutun alƙalami na gaske tawadarsa tana kauri tana sirancewa, ana ganin inda marubuci ya sake tsoma alƙalami.

Duba kafin tayi

Kada ka yi tayi sai ka ƙirga littafin. A gaban yawancin littattafan tafiye-tafiye akwai jerin hotuna da taswirori da shafin da kowanne yake. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Taswirar da ake naɗewa a ƙarshe, ko wadda ake sakawa a aljihun bango, ita ake fara rasawa, ita ce kuma rabin abin da mai saye yake nema. Jagororin matafiya na kamfanin Baedeker masu jan bango, alal misali na Masar da Sudan bugun 1929, cike suke da irin waɗannan taswirori, kuma in ɗaya ta fita masu tarawa ba sa waiwayarsa. A lissafina, littafin tafiya da babu babbar taswirarsa ya rasa fiye da rabin kuɗinsa. Juzu'i ɗaya daga cikin biyar kuma ba ya cin kashi ɗaya bisa biyar na kuɗin cikakke, ƙasa da haka yake ci sosai, don da wuya ka sami 'yan'uwansa.

Bayan ƙirga, buɗe tsakiya ka leƙa ɗinki. Gara ta gadon baya take shiga, ta ci ciki ta bar bango lafiya lau, don haka nauyin littafin a hannu da ƙasar da ke zubowa in ka bubbuga shi za su gaya maka. Shinshina shi: warin fumfuna na nufin ya sha damina a ƙasa ko a jikin bango mai laima. Ɗigo-ɗigon ja a kan takarda ba ya hana saye, tsufa ne. Abin tsoro shi ne takardar da ta yi ruwan ƙasa tana karyewa. Ɗan lanƙwasa kusurwar wani shafi na baya a hankali, in ta ɓalle nan take to takardar ta mutu, ba ta ɗinkuwa. Wannan ciwo ne na takardar da aka yi da ɓawon itace mai tsami daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa gaba, shi ya sa littafin 1826 kan fi na 1950 ƙarfin takarda.

Sai hatimi. In akwai na ɗakin karatu, nemi wani hatimin da ke nuna an cire littafin daga rajista, galibi "Withdrawn" ake bugawa. In babu, ko ka ga an kankare wani wuri, ko an yanke ƙasan shafin farko, ka ajiye shi. Kayan da ake zargin na sata ne ba mai saye na kirki da zai karɓa daga hannunka, ga kuma alhaki. Sunan mai shi na da, in sananne ne a tarihin ƙasar nan, yana ƙara daraja, musamman in ya yi rubutu a gefen shafuka. Kada ka goge.

Yadda ake kusantar farashi

Ba zan iya yanka maka kuɗi daga bayanin baki ba, sai an riƙe littafin a hannu. Amma ga hanyar da ake bi. Rubuta sunan marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, gari da shekara daidai yadda suke. Nemi wannan bugu ɗin, shi kansa, a shafukan intanet na cinikin tsofaffin littattafai, AbeBooks ko viaLibri. Kuɗin da za ka gani a can na sa suna ne, wasu littattafan sun shekara da shekaru a kan wannan kuɗi ba wanda ya taya. Ka dubi mafi arha cikin waɗanda yanayinsu ya yi daidai da naka. In ka ga kwafi 30 a kasuwa, ba shi da wuyar samu, komai tsufansa. Sannan duba WorldCat, kundin intanet na ɗakunan karatun duniya, ka ga ɗakunan karatu nawa ke da shi. Ɗan littafin Hausa da bai fito a kasuwa ba, kuma ɗakuna biyu ko uku kawai suka ambace shi, wannan shi ne mai ƙaranci na gaske, ko da yake ƙaranci ba ya zama kuɗi sai an sami mai so.

Daga kuɗin waje sai ka yi ta ragewa. Dillalin littafi da zai saya don ya sayar ba ya biyan fiye da sulusi zuwa rabi na abin da yake sa ran samu. Ga kuɗin aikawa, ga yanayin kayanmu da zafi da ƙura da ƙwari suka taɓa, wanda da wuya ya kai na can. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da ya kamata ka biya in niyyarka ciniki ce. In don karatu da adana tarihi ne, ma'auninka shi ne abin da za ka iya bayarwa ba tare da ka taɓa kuɗin cefane ba.

Wajen tayi, ka haɗa abin da kake so cikin wasu uku ko huɗu ka taya su gaba ɗaya, al'adar kasuwa ce, ba laifi. Amma tunda ka ce ba ka son ka cuci kowa: in magada ne suka fito da kayan mahaifinsu ba su san abin da ke ciki ba, ka faɗa musu gaskiya ka biya abin da ya dace. Ko ta fuskar ciniki ma ya fi, don mai gwanjon da ya ga kana biya da kyau shi zai kira ka ranar da aka sauke masa kwalaye.

Kwalayen nan kuwa daga gidaje suke fitowa. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take tara malamai, ga harabarta ta Kongo, ga Kwalejin Barewa, ga tsofaffin gidajen Wusasa da na ma'aikatan jirgin ƙasa a Sabon Gari. In malami ya yi ritaya zai bar gidan gwamnati, ko aka yi rasuwa aka zo rabon gado, littattafai su ne kayan da ba mai son ɗauka. Wasu su faɗa hannun masu shimfiɗa a bakin titi, wasu a auna su a kilo a kai wa masu ƙosai da masu tsire. Ka saba da masu sayen tsohuwar takarda, ka bar musu lambarka, ka ce duk abin da suka ga da farashin sule ko tambarin Gaskiya su ajiye maka. Ka kuma riƙa duba ƙasan tari, domin na sama littattafan jarrabawa ne, su ke kawo musu kuɗin yau.

Rubutun hannu daban ne

In a cikin kayan ka ci karo da warwaren takardu a cikin tadarishi ko gafaka, rubutun alƙalami, ka ɗaga ɗaya ga haske. Alamar jinjirin wata uku a jere tana nuna takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta hamada, an kuma daɗe ana amfani da ita har cikin ƙarni na 20, don haka ba ta isa ta ba ka shekara ita kaɗai ba. Kada ka sake jera takardun yadda ka ga dama. Kalmar da ke ƙasan kowane shafi ita ce ta farkon na gaba, da ita ake bin tsari. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta taƙaita cinikin kayan tarihi da fitar da su waje, tsofaffin rubuce-rubucen hannu na iya shiga ciki. Irin wannan ka kai wa masana a sashen tarihi na jami'a, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, su duba kafin a yi maganar kuɗi.

In ka kai gida

Ɓarnar da mai littafi ke yi da hannunsa ta fi ta gara saurin kashe daraja. Kada ka kai wa masu ɗaure furojet: za su cire ainihin bangon, su datse gefuna da injin yanka, wani lokaci har da bakin taswira. Kada ka sa salatif, gam ɗinsa yana narkewa da zafi ya bar tabon da ba ya fita. Kada ka lulluɓe shafi da roba mai zafi. In bango ya rabu, ka naɗe littafin da farar takarda mai tsabta, ka ɗaure da zaren auduga mai faɗi, ka kwantar da shi. Ƙananan littattafan da sitafularsu ta yi tsatsa, ɗaga ƙarfen a hankali da bakin wuƙa marar kaifi ka cire, ka sa zare ta ramukan da ke nan.

Sabon shigowa kada ya haɗu da sauran littattafanka sai ka tabbatar ba ƙwaro. In yana da fumfuna, buɗe shi a inuwa inda iska ke wucewa, in ya bushe ka share da burushi mai laushi a waje, da ƙyalle a hancinka. Rana kai tsaye tana gasa takarda. Masu firiza da wuta tsayayya suna iya rufe busasshen littafi ruf a leda su daskarar da shi mako guda, sannan su bar shi ya huce kwana ɗaya kafin buɗe ledar. In wutar tana zuwa tana ɗaukewa, bar wannan dabara, narkewa da daskarewa za su jiƙa shi. Kanta ta ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, ta kuma ɗan janye daga bango, don ka riƙa ganin hanyar gara in ta fara gini. Da damina kada ka ajiye littafi cikin leda, gumi yake yi. Da hunturu kuma takarda da fata suna bushewa, sai ka rage wangale tsofaffin, ka tallafe bangon da hannu in za ka karanta.

Game da cinikin da ke gabanka: koma ka juya bayan shafin farko na Barth ɗin. In 1965 ne, ka taya shi a matsayin littafin karatu, in ya ce albarka ka bar masa. Ƙananan na Hausa da taswirar kuwa ka ce a ware maka su, ka duba farashin bangonsu da layin dogon da ke jikin taswirar, ka biya kuɗinsu daban.